Wace Ƙasa da Wace Ƙasa? Jagora ga Ɗalibin Siyasar Kwatance a Digiri na Biyu da na Uku

Akwai wani irin kundi da duk mai leƙa ɗakin karatun sashen kimiyyar siyasa zai ci karo da shi, a Zariya ne, ko Kano, ko Yamai. Sunansa yakan fara da "Nazarin Kwatance", sai a ambaci ƙasashe biyu, a ce Nijeriya da Ghana. Babi na huɗu ya kwashe tarihin zaɓe a Nijeriya tun daga 1959, babi na biyar ya yi wa Ghana haka, sai a shafuka biyu na ƙarshe a ja jadawali: nan sun yi kama, nan sun bambanta. Ɗalibin ya sha wahala, ya yi karatu, wataƙila ma har bashi ya ci don ya je filin bincike. Amma ranar kare kundi, da mai jarrabawa na waje ya ɗago kai ya ce, "Malam, me ya sa Ghana? Me ya hana Senegal ko Kenya?", sai a ji shiru, ko a ji amsar da gara shirun da ita: wai don Nijeriya da Ghana duk Ingila ce ta mulke su. Abin da nake so in kafa shi ne cewa a wannan fanni, zaɓen abin da za a kwatanta shi ne rabin binciken, kuma a watanni ukun farko ake cin nasararsa ko a faɗi, tun kafin a yi hira da kowa. Yawan karatu da kyawun Turanci ba sa gyara kwatancen da aka ɗora a karkace.

Aikin yana farawa da tambaya, kuma sai an same ta ake neman ƙasa. Ɗalibai da yawa sukan juya tsarin: su fara da ƙasar da suke sha'awa, ko wadda suke da ɗan'uwa a can da zai ba su masauki, sannan su nemo mata tambaya. Tambayar da ta cancanci kundi tana da alama biyu. Tana farawa da "me ya sa", kuma a cikinta akwai sakamako biyu da suka saɓa a inda ake zaton za su zo ɗaya. Senegal da Nijar duk Faransa ce ta raine su, duk a 1960 suka sami 'yanci, mafi yawan jama'arsu Musulmi ne; soja bai taɓa kifar da gwamnati a Senegal ba, amma a Nijar ya yi haka a 1974, da 1996, da 1999, da 2010, da 2023. Me ya sa? Irin wannan tambayar ce Peter Lewis ya bi a littafinsa na 2007 kan Indonesiya da Nijeriya: ƙasashe biyu masu ɗimbin jama'a da ƙabilu, masu arzikin man fetur, waɗanda soja ya kama ragamarsu a tsakiyar shekarun 1960, amma Indonesiya ta gina masana'antu ta rage talauci a zamanin shugaba Suharto, Nijeriya kuma ta tsaya cik. Ka lura, tambayar ce da kanta ta kawo Indonesiya. In ka rubuta tambayarka ka ga za a iya cire sunan ƙasa ta biyu a saka wata ba tare da komai ya canza ba, to ba ka da tambayar kwatance tukuna. Take kawai ka samu.

Da zarar tambaya ta tsaya, sai maganar yadda za a ware dalili daga cikin tarin abubuwan da suka faru tare. Dabarar tsohuwa ce, John Stuart Mill ya tsara ta tun 1843, kuma kowane manomi ya san ta: in kana so ka gane ko taki ne ya sa geronka ya yi kyau, gona ɗaya za ka raba biyu, iri ɗaya, ruwa ɗaya, ka zuba wa gefe guda ka bar ɗayan. Mai nazarin siyasa ba shi da ikon raba ƙasa biyu, don haka yana neman inda tarihi ya riga ya raba masa. Daniel Posner ya samu irin wannan wuri a kan iyakar Zambiya da Malawi, inda layin da Turawa suka ja ya ratsa ƙabilun Cewa da Tumbuka. A binciken da ya wallafa a 2004, ya yi tambayoyi a ƙauyuka huɗu, biyu a kowane ɓangare, ya tarar bambancin al'ada tsakanin ƙabilun biyu iri ɗaya ne a ko'ina, amma a Malawi abokan hamayyar siyasa ne, a Zambiya kuwa suna ɗaukar juna 'yan yanki ɗaya. Tunda al'ada ba ta canza ba, ba ita ce dalili ba. Abin da ya canza shi ne girma: a Malawi kowace ƙabila tana da yawan da zai sa ɗan siyasa ya gina jam'iyya a kanta, a Zambiya kuwa dukansu ƙanana ne, sai sun haɗu suke da amfani ranar zaɓe. Mu ma muna zaune a kan irin wannan iyaka. William Miles ya zauna a ƙauyukan 'Yardaje na ƙasar Daura da Yekuwa na ɓangaren Nijar, maƙwabtan juna, harshe ɗaya, addini ɗaya, ya fitar da littafi a 1994 kan abin da mulkin Ingila da na Faransa suka bari a kowane gefe, daga matsayin sarakai zuwa makaranta. Sama da shekara talatin ke nan, an yi juyin mulki, an rufe iyaka an buɗe, an sake tsarin ƙananan hukumomi a Nijar, kuma ɗaliban da Hausa ce harshensu na gida, waɗanda ba sa buƙatar tafinta a ko wane gefe, ba su cika komawa ga wannan filin ba. Wannan asara ce.

Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne ɗalibi ya tara wuraren da abin da yake nazari ya faru kaɗai, ya nemo abin da suka yi tarayya a kai, ya ce ya gano dalili. Barbara Geddes ta fallasa wannan a wata maƙala ta 1990. A lokacin ana yawan cewa danne ƙungiyoyin ƙwadago ne ya sa tattalin arzikin ƙasashe irin su Koriya ta Kudu da Taiwan da Singafo ya bunƙasa, domin duk inda aka duba cikin waɗanda suka bunƙasa, an danne ma'aikata. Da ta faɗaɗa ta haɗa da sauran ƙasashe masu tasowa, sai alaƙar ta ɓace: akwai da yawa da suka danne ma'aikata ba su ci gaba ba. Ɗalibin da ya ɗauki Mali da Burkina Faso da Nijar a yau, ya kammala cewa matsalar tsaro ce ke kawo juyin mulki, wannan ramin ya faɗa. Gini ta yi juyin mulki a 2021 ba tare da 'yan tada ƙayar baya sun mamaye mata yanki ba, Nijeriya kuma tana fama da Boko Haram tun 2009 amma mulkin farar hula bai katse ba tun 1999. Wannan bai nuna tsaro ba shi da hannu ba. Ya nuna dai ba za a san nauyinsa ba sai an sa wurin da abin bai faru ba a cikin lissafi. Ko Theda Skocpol, da littafinta na 1979 ya ginu kan juyin juya hali uku da suka yi nasara a Faransa da Rasha da Sin, sai da ta jera Ingila da Jamus da Japan a gefe don a ga inda irin wannan juyin bai auku ba.

Bari mu gwada dabarar da misali na gida, don a ga inda take tsukewa. A zaɓen 1979, jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci kujerar gwamna a Kano, Abubakar Rimi ya hau. A Sakkwato kuwa NPN ce ta ci, Shehu Kangiwa ya hau. Jihohi biyu masu masarautu, Musulmi, Hausa da Fulani, waɗanda suka rayu ƙarƙashin tsarin En'e iri ɗaya. Me ya sa jam'iyyar talakawa ta yi ƙarfi a nan ba ta yi a can ba? Ɗalibi zai iya kawo hasashe: kasuwanci da girman birni, ko tarihin jam'iyyar NEPU tun 1950, ko yaɗuwar ɗariƙar Tijjaniyya, wadda John Paden ya yi nazarin alaƙarta da siyasar Kano a littafinsa na 1973. Kafin ya yi nisa, wani zai tunatar da shi cewa Aminu Kano ɗan Kano ne, Shehu Shagari ɗan Sakkwato ne, kuma dukansu takarar shugaban ƙasa suka yi a wannan zaɓen. Ƙila kowace jiha ɗanta ta bi, shi ke nan. Dalilai huɗu, jihohi biyu: babu yadda za a ware ɗaya. Wannan ita ce cutar da Arend Lijphart ya bayyana tun 1971, wato dalilai sun yi yawa, wuraren gwaji sun yi kaɗan. Maganinta a ƙara wuri, amma da lissafi. A kawo Bauchi, inda NPN ta ci ba tare da ɗan jihar yana takarar shugaban ƙasa ba. A kawo tsohuwar Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina, inda Balarabe Musa na PRP ya zama gwamna amma NPN ta riƙe rinjaye a majalisa har ta tsige shi a 1981. A nan ana iya sauka zuwa mazaɓu, a ga inda PRP ta ci da inda ta faɗi a cikin jiha ɗaya. Kowane wuri da aka ƙara, an ƙara shi ne don ya kashe wani dalili ko ya raya shi. Wurin da ba ya yin ɗayan biyun nan kaya ne kawai, a bar shi.

Sai kuma a tabbata abin da ake aunawa a nan shi ne ake aunawa a can. Giovanni Sartori ya yi gargaɗi a 1970 kan yadda masana ke miƙe ma'anar abu har ya lulluɓe abubuwan da ba jinsinsu ɗaya ba. Mai son kwatanta Katsina da Maraɗi zai ji ana cewa "gwamna" a duka biyun. Na Katsina jama'a ne suka zaɓe shi, yana da majalisar dokoki, yana da kasonsa daga asusun tarayya, yana da ta cewa a naɗin sarki. Na Maraɗi daga Yamai ake naɗo shi, wakilin gwamnatin tsakiya ne, ita ke iya ɗauke shi gobe. Wanda ya jera su a layi ɗaya ya auna "ƙwazon gwamna" ya kwatanta ɗan siyasa da ma'aikaci. Abin yi shi ne ka rubuta, a shafi guda, me kake nufi da kowane babban abin da za ka auna, wace alama za ka gani a ƙasa ka ce ga shi nan, kuma ko wannan alamar tana nufin abu ɗaya a duk wuraren. Wani lokaci za ka gano cewa takwaran ofishi kaza a can wani ofishi ne dabam mai wani suna. Bin aikin ya fi bin sunan.

Akwai masu ja da wannan hanya, kuma ba duk jansu ne na banza ba. Malaman tarihi musamman sukan ce kowace ƙasa da irin tafiyarta, wanda ya cire Kano daga tarihinta ya dasa ta a jadawali ya kashe abin da ya sa ta zama Kano. Gaskiya ne cewa kwatancen da ba shi da zurfi ya fi rashinsa illa, kuma manyan ayyuka irin na Richard Joseph na 1987 kan yadda ake mai da muƙamin gwamnati abin rabo a Jamhuriya ta Biyu ƙasa ɗaya suka duba. Amma duk wanda ya ce "abu kaza ne ya jawo abu kaza" ya riga ya yi kwatance a zuci, domin yana nufin da babu na farkon da na biyun bai faru ba. Bambancin kawai, shi ya ɓoye abin da ya kwatanta da shi, mai kwatance kuwa ya baje shi a fili inda za a iya ƙaryata shi. Ja na biyu na kuɗi ne: ɗalibin da ke biyan kuɗin makaranta daga albashin koyarwa ina ya ga na zuwa Dakar? Amsar ita ce kwatance ba ya buƙatar fasfo. Robert Putnam bai fita daga Italiya ba. Gwamnatocin yankuna ashirin ya bi, mafi yawansu an kafa su a 1970 da doka iri ɗaya, ya tambayi me ya sa na arewa suke aiki na kudu suke tangal-tangal, ya fitar da littafin 1993 da har yanzu ake gardama a kansa. Nijeriya tana da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774 ƙarƙashin tsarin mulki ɗaya da kuɗi ɗaya. Jihohi goma sha biyu sun faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci bayan Zamfara ta fara a 1999, amma ba su tafi a layi ɗaya ba. Kano ta kafa hukumar Hisba da doka a 2003, wasu suka bar aikin a hannun 'yan sa-kai. Ga sakamako mabambanta a wurare masu kama, kuma da motar haya ake zuwa.

Ja na uku ya fi ƙarfi, daga masu ƙididdiga yake fitowa. Sukan ce me za a yi da ƙasashe biyu ko huɗu alhali kwamfuta na iya haɗa ɗari da hamsin? Cibiyar V-Dem da ke Jami'ar Gothenburg a Suwidin tana da ma'aunan dimokuraɗiyya na kusan duk ƙasashen duniya, wasu tun daga 1789, Afrobarometer kuma tun 1999 take yi wa jama'a tambayoyi iri ɗaya a ƙasashen Afirka sama da talatin, kuma duka biyun kyauta ake sauke bayanansu a intanet. Ra'ayina shi ne ɗalibin da ya gama digiri na uku a yau bai iya buɗe waɗannan bayanai ya karanta ba ya cuci kansa, kuma wata shida na koyon ƙididdiga da manhaja irin R ko Stata ba asara ba ce. Sai dai ƙididdiga tana nuna abubuwa biyu suna tafiya tare, ba ta nuna ta wace hanya ɗaya ke haifar da ɗaya. Wannan sai an bi sawu, wa ya yanke shawara, yaushe, don me. Kuma tana da iyakar da ɗalibai ke mantawa. Afrobarometer takan tambayi mutum 1,200 zuwa 2,400 a ƙasa. Ko da babban adadin aka ɗauka aka raba wa jihohi 36 da Abuja, kowace za ta tashi da mutum sittin da 'yan kai. Da wannan ana iya magana kan Nijeriya, ba a iya yanke hukunci kan Jigawa. Hanya mafi inganci ita ce a haɗa: a yi amfani da manyan alkaluma a ga yadda aka saba, a gano wurin da ya kauce wa al'ada, sannan a je can a tambayi dalili.

Wajen tattara hujja, ƙa'idar ɗaya ce: abin da ka nema a wuri na farko ka neme shi a na biyu, da zurfi iri ɗaya. Nan ne kwatance da yawa ke gurguncewa, domin ɗalibi yakan yi hira arba'in a garinsu, ya dogara da jaridu uku kan ɗaya wurin. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana da fayilolin lardi-lardi, KANOPROF na Kano, SOKPROF na Sakkwato, waɗanda aka rubuta da tsari ɗaya, abin da ya sa suke da daɗin kwatantawa. Gidan Arewa a Kaduna da Gidan Mambayya a Kano suna nan don siyasar jam'iyyu, haka tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian. Wanda zai tsallaka Nijar ya sani Hausa za ta kai shi kasuwa da fada da zauren mai gari, amma takardun hukuma da Faransanci suke, wasu na zamanin mulkin mallaka ma suna Dakar. In ba zai koyi karanta Faransanci ba, ya canza tambaya tun da wuri. Cibiyar LASDEL a Yamai ta daɗe tana nazarin yadda hukumomi ke aiki a ƙauye da gari, rahotanninta wurin farawa ne mai kyau. A wajen hira kuwa, ka tuna maganar siyasa na iya jawo wa mai ba ka labari fitina bayan ka tafi. Ka gaya masa abin da za ka yi da maganarsa, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda, in ya ce a sakaya sunansa ka sakaya har da alamomin da za su sa a gane shi.

Maganar inda za a yi karatun ba ta da tsawo. A Amurka digiri na uku yakan ɗauki shekara biyar ko shida, biyun farko darussa ne da jarrabawa kafin a taɓa kundi. A Ingila shekara uku zuwa huɗu ne, kuma da daftarin bincike ake neman gurbi tun farko. A ko'ina, har da jami'o'inmu, sunan malamin da zai duba aikin ya fi sunan jami'a muhimmanci. Ka karanta abin da ya rubuta kafin ka nufe shi, ka tambayi ɗalibansa na baya wata nawa babi ke yi a teburinsa.

Daftarin da za ka kai masa kada ya cika da bitar ayyukan da suka gabata a jere, wane ya ce, wane ya ce. Ka tsara bitar bisa amsoshin da aka riga aka bai wa tambayarka, uku ko huɗu, ka nuna abin da kowace za ta sa a gani a wurarenka in ita ce gaskiya. Sai sakin layi ɗaya kan kowane wuri da ka zaɓa da aikin da zai yi maka, da wani kan wuraren da ka duba ka ajiye da dalilin ajiye su, domin tambayar mai jarrabawa ke nan tun kafin ya yi ta. Ka rubuta ƙarara abin da in ka tarar da shi a fili za ka yarda hasashenka ya faɗi. In an zo rubuta kundin kansa, ka raba babuka bisa dalilan da kake gwadawa, kowane babi ya ɗauki duk wuraren tare: babin kasuwanci ya duba Kano da Sakkwato da Bauchi da Kaduna, babin ɗariƙa ma haka. Wasu sassa suna da tsarin babi biyar da ba a taɓawa, don haka ka nemi amincewar mai duba aikinka kan wannan rabon tun a matakin daftari, a rubuce, kafin ka fita filin bincike.